Ba Kowace Faɗuwar Gaba Ce Iska Ba

Akwai wata magana da na gaji da ji a gidajenmu nan Sparkbrook: wai hawan jini ai gadonmu ne. Da an faɗe ta, shi ke nan, an kashe bakin kowa. To idan yarinya ƴar shekara 22 ce fa? Tana zaune lafiya lau, sai kanta ya sara, gumi ya karyo mata, zuciya na dukan uku-uku, bayan ɗan lokaci kamar ba a yi ba. A gida a ce iska ce, a kira malam. Wurin likitan unguwa a ce fargabar jarrabawa ce. Kowa ya samu amsar da ta yi masa daɗi.

Galibi fargabar ce, ban musa ba. Amma ba kullum ba. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka, adirinal, mai fitar da sinadarin da ke sa gabanka ya faɗi idan mota ta kusa kwashe ka a Stratford Road. Idan ƙari ya fito a cikinta, sai ya riƙa kwararo sinadarin nan cikin jini ba gaira ba dalili. Sunansa fiyokromosaitoma. Ba shi da yawa, mutum 2 zuwa 8 cikin miliyan a shekara, shi ya sa ake tsallake shi. Dwight Eisenhower, tsohon shugaban Amurka, duk da tarin likitocinsa, sai bayan ya mutu a 1969 aka gano yana ɗauke da shi.

Gwajin kuwa ba wani abin tashin hankali ba ne: a auna metanefirin a jini, ko a fitsarin awa 24. Tun 1926 ake cire ƙarin nan da tiyata, kuma asibitin Queen Elizabeth da ke Edgbaston, nan kusa da mu, yana da ƙwararru a kansa. Sai an yi mako ɗaya zuwa biyu ana shan maganin da ke sassauta jijiyoyin jini kafin a shiga, don taɓa ƙarin kawai na iya harba jinin sama. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, wa ya hana? Amma don Allah a kai fitsarin.

Inda nake da ƙorafi da iyayenmu shi ne nan. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon nan gadonsa suka yi. Wato gadon da ake ta faɗa, a nan gaskiya ne, sai dai mu muna faɗarsa ne don a yi shiru, likita kuma yana tambaya ne don ya san wa zai gwada. Ka tambayi Hajiya me ya kashe kawu a Kano yana ɗan shekara 35, ta ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, Hajiya, amma me ya riƙa ji kafin nan? Na san tsoron: kar a ce gidan wane akwai ciwo, ƴan mata su rasa masu zuwa. Wallahi tsoron ba na banza ba ne, mun san bakin mutanenmu. Sai dai wanda aka ɓoye wa, ƙanenka ne, ko ɗiyar gwaggo a Katsina da ke da juna biyu, kuma ƙarin nan idan ba a san da shi ba yana iya kashe mace wajen haihuwa.

Ko bayan tiyata ba a sallame ka ba. Gwaji ne duk shekara, aƙalla shekara 10, mai na gado kuwa har ƙarshen rayuwa, domin yakan dawo. Mu da muke karanta wa iyayenmu wasiƙun NHS tun muna firamare, mu ne za mu fassara takardar gadon nan mu tura gida, ko da za a ce mun cika surutu.