Zobe mai rubutu: karanta kafin ka biya

Kaka ta yi, kuɗin wake da na rago sun shigo hannu, bukukuwa sun fara. Wannan wata zancenmu na kyauta ne, irin wadda ta dace da mutumen da ya kama karatu yana son shi.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu ƙera kayan ado don masu son littafi: sarƙa mai ɗan littafi a rataye, ƴan kunne, warwaro mai kalmomi a jiki. Mu ma abin ba baƙo ba ne gare mu. Malamai sun faɗa mana Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, yana da zoben azurfa mai rubutu, da shi yake buga hatimi bisa wasiƙun da yake aika ma sarakuna. Maƙeran Buzaye kuma, in sun gama abin wuyan nan na Agadas, da yawansu sukan zana sunansu a bayansa da baƙaƙen tifinar. Ku juya naku ku duba. A da, azurfar kanta daga kuɗi mai rubutu take fitowa, tsohon kuɗin Otirish mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780, shi ake narkawa.

To, ɗiyarka ko matarka ta yi rani guda tana zuwa ajin yaƙi da jahilci, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga goyo. Yanzu ta iya rubuta sunanta. A ganina zobe ko munduwa mai wannan sunan ya fi turmin zane. Zane ya kan koɗe ya tsage, azurfa ko tana nan.

Amma a yi hattara wajen rubutun. Maƙerin fari gwani ne ga wuta da kakin zuma, ba lalle ne ya zauna aji ba. Abin da ka ba shi, shi zai kwaikwaya. Saboda haka ka rubuta sunan da kanka bisa takarda, da manyan baƙaƙe, ka kai ma malamin aji ya duba. Tun taron Bamako na 1966 aka tsaida yadda za a rubuta harsunanmu, kuma Hausa tana da baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. In ƙugiya ta faɗi, magana ta sake. Baƙi ya koma baki, ɗa ya koma da. A kan allo hannu ya kan share kuskure. A kan azurfa sai an narke, kuma maƙeri ba ya aiki biyu da kuɗi guda.

Ga kuma zancen Faransanci. Sunan da ke bisa takardar haifuwa Aïchatou ne ko Ousmane, a aji kuwa an koya muku A'ishatu da Usuman. Duka biyu daidai ne, kowane a wurinsa. Ni dai na fi son na Hausa ga zobe, don shi ne mai zoben za ta karanta ba tare da ta tambayi kowa ba. Wanda ya fi sanin ajami, a yi masa da ajami. Ayar Alƙur'ani da sunan Allah kam a bar su, zobe yana shiga bayan gida da mai shi.

Azurfa ana auna ta ne bisa sikeli, ku tsaya a auna gabanku, a faɗa muku kuɗin ƙarfe daban, na aiki daban. In kun ga lamba 925 a jiki, ma'anarta cikin kashi 1000, kashi 925 azurfa ce. Sai dai lamba kowa na iya buga ta. Ƙarfen da mayen ƙarfe ya kama ba azurfa ba ne, wanda bai kama ba shi ma sai an bincika. Maƙerin garinku, wanda kuka san gidansa, ya fi baƙon da ya shimfiɗa tabarma ranar kasuwa.

In kuɗin sun rage, a haɗa da ɗan littafi da alƙalami. Ajin da ke son yin kyauta ga wanda ya fi ƙoƙari, ranar 8 ga watan Satumba ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya. A ba maƙeri aikin tun kafin ruwa ya sauka.