Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kantin Magani Game Da Mata Masu Shayarwa



Ya 'yan'uwana masu sayar da magani a birane da ƙauyuka, dalilin wannan takarda shi ne in tunatar da ku wata amana da Allah Ya rataya a wuyanku, wadda cunkoson masu saye yakan sa a shafa'a da ita, wato hakkin mace mai goyo da na ɗan da ke bayanta.

Kun sani sarai mai jego ba ta cika zuwa kanti da ƙafarta ba, sai dai ku ga maigidanta da takardar likita a ninke cikin aljihu, ko wani yaro da kuɗi dunƙule a hannu yana cewa an aiko shi sayen maganin ciwon jiki. To, kafin ku ƙirga ƙwaya ko ɗaya, wajibi ne ku tambaya ko mai shan maganin tana shayarwa, da watannin goyon, da ko bakwaini ne, domin abin da uwa ta haɗiya wani sashe nasa yakan bi jini ya sauka cikin nono, hantar jinjiri kuwa ba ta yi ƙwarin sarrafa shi kamar ta babba ba.

Alhamdu lillahi, galibin magunguna abin da ke isa nono daga gare su ƙalilan ne ainun. Farasitamol, da ibufurofen, da amoksisilin, da magungunan tarin fuka, da na rage kaifin cutar ƙanjamau, duk mai shayarwa tana shan su bisa umarnin likita, ɗanta yana ci gaba da shan nono. Saboda haka babban ganganci ne mutum ya ce wa uwa ta yaye ɗanta don kawai an rubuta mata magani, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha da nono zalla har wata 6, Alƙur'ani mai girma kuma ya ambaci shekara biyu cikakku. Yayen da aka yi ba shiri kuwa shi ke buɗe wa gudawa da tamowa ƙofa. Haka nan wanda ya tsorata mai hawan jini ko farfaɗiya har ta bar maganinta, ya jefa rai biyu cikin haɗari, ko da niyyarsa alheri ce.

Amma akwai waɗanda dole ku yi hattara da su matuƙa. Kodin da tiramadol sukan sa jariri barci mai nauyi, ya kasa kama nono, numfashinsa ya raunana, shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa a kansu a 2017. In an kawo muku labarin jariri mai irin waɗannan alamu, asibiti za a nufa nan take. Kuloramfenikol abin gudu ne, haka Septrin idan jinjiri bai cika wata ba ko yana da ciwon shawara, ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin estirojin kuwa takan rage ruwan nono a farkon jego. Haɗin ƙwayoyi barkatai da ake ƙullewa a leda ba suna, ba ƙa'ida, ku ji tsoron Allah kada ku ba mai goyo shi.

In kuka yi shakka, kada ku musanya abin da likita ya rubuta, kada kuma ku yanke hukunci da ka. Ku mayar da takardar ga wanda ya rubuta ta, a shaida masa akwai goyo, domin faɗin "ban sani ba" ado ne ga mai ilimi, ribar da aka ci da lafiyar jinjiri kuwa za a yi hisabinta ranar gobe.

Allah Ya sa albarka cikin sana'arku, Ya raya mana zuri'a, amin.

Wassalamu,
Ɗan'uwanku mai yi muku fatan alheri.