Ƙwaryar Barmani Da Waƙoƙin Matanmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, in aka ce ya ambaci makaɗan ƙasarsa, ba zai yi inda-inda ba. Zai ce Ibrahim Narambaɗa na Tubali, mai kotso, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Zai ce Kassu Zurmi. To, a ce ya kawo sunan mace ɗaya tak wadda ta ƙagi waƙa a ƙasar nan, sai ya yi shiru. Alhali kuwa babu biki ko suna da a ke yi a garuruwan nan ba tare da zabiya ko masu kiɗan ƙwarya ba.

Wadda ta tsira daga wannan mantuwa ita ce Hajiya Sa'adatu, wato Barmani Coge ta Funtuwa, garin da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa kafin ta tuƙe a Ƙaura. Amada ce kiɗanta. Kayan aikin ba su wuce ƙwarya ba: a kifa manya a ƙasa, a kifa wata cikin ruwa, mata su kewaye suna bugu, ita tana bayarwa suna amshi. Da wannan ta fito daga cikin gida ta shiga fili, har rediyo da talabijin, kamar yadda Uwaliya Mai Amada ta yi suna a Kano. Abin da ta ke faɗa kuwa zancen tsakar gida ne, na kishiya, da haihuwa, da miji mai rowa. Amma gargaɗin da ta fi nacewa a kai shi ne mace ta kama sana'a, kada ta zauna tana jiran hannun wani. Ta rasu a 2013.

Waɗansu malamai su kan ce bakinta ba linzami. Gaskiya ne, akwai waƙoƙinta da ba za a sa wa ɗalibai a aji ba. Sai dai na Kassu ma ba na aji ba ne, barayi ya ke wa kirari, ga shi an tattara su ana nazari. Me ya sa ma'aunin ya bambanta?

Ku dubi abin da ya faru a Amurka. Wata baƙar fata, Florence Price, gwanar piyano ce, tana kuma tsara kiɗa ta rubuta a takarda. A 1933 babbar ƙungiyar makaɗan birnin Cikago ta kaɗa abin da ta tsara, karo na farko ke nan da aka yi wa baƙar mace haka a ƙasar. Da ta rasu a 1953 sai aka kusa mantawa da ita, har 2009, sa'ad da aka tsinci tarin takardunta a wani kango. Ita ta ci albarkacin rubutu. Zabiyar Zurmi ba ta da takarda, ranar da aka kai ta makwanci an tafi da waƙarta ke nan.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da akawunan fada. Kowane ɗayanku yana da goggo ko kaka mai riƙe da waƙar niƙa, da ta daɓe, da ta kai amarya. Injin niƙa da siminti sun riga sun kashe biyun farko. A ɗauki murya a waya, a rubuta baitocin da karin harshen da aka rera su, a sa sunan mai waƙar da garinta, in ta yarda.