Ra'ayinmu: Fitowar sabon furosesa ba dalilin rabuwa da na bara ba ne

Kusan kowace shekara sai kamfanonin Intel da AMD sun fito da sabon zubin furosesa, ƙwaƙwalwar da ke gudanar da lissafin kwamfuta, kuma kowane zubi da kirarinsa yake zuwa: ya fi sauri, ya fi sanyi, bai cika cin wuta ba. Labarin ba ya jimawa yake isa Kano, 'yan kasuwar Titin Beirut da Farm Centre su karɓe shi, daga nan ya biyo hanyar Daura ya sauka Kazaure. A yau akwai matasa a Achilafiya da Roni da Gwiwa da Babura da suka yi tarin kuɗi da kyar suka sayi kwamfuta bara ko bara waccan, ga shi ana gaya musu tasu ta zama tsohon yayi. Su sayar su yi ciko su ɗauki sabuwa, ko su riƙe abin da ke hannunsu?

Tambayar ta shafi yankin nan fiye da yadda ake zato. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga kuma cibiyar koyar da fasahar sadarwa da jihar Jigawa ta kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Ɗaliban waɗannan makarantu kwamfuta ce kayan karatunsu. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin jarrabawa da shagunan rajista da buga takardu suka zama sana'ar da ke ciyar da gidaje. Ga masu tace bidiyon biki da na wa'azi, ga masu zanen fosta da kalanda.

Masu goyon bayan sauyawa suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Ta farko, lokaci. Wanda ke tace bidiyo, duk mintin da injinsa ya ɓata wajen fitar da aiki, fetur ne ke ƙonewa a janareta ko batir ne ke sauka. In sabon furosesa zai rage masa zaman jira, to kuɗin da ya kashe zai dawo. Ta biyu, darajar kaya. Kwamfuta ba ta ƙara tsada da tsufa, don haka a ganinsu gara a sayar tana da sauran farashi. Sun kuma ga abin da ya faru bayan da gwamnatin tarayya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023: dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan kwamfuta kuwa duk da dala ake shigo da su. Wanda ya ga haka da idonsa, ba a zarge shi in ya ce abin da bai saya yau ba gobe zai gagare shi.

Hujjarsu ta uku ita ce mafi ƙarfi: an taɓa samun shekarar da zubi ɗaya ya kawo bambanci na gaske. A 2017, da Intel ya fitar da zubi na takwas, Core i5 na ƙananan laftof ya tashi daga cibiyoyin aiki biyu zuwa huɗu, na kwamfutar tebur kuma daga huɗu zuwa shida. Wanda ya sauya a lokacin bai yi asara ba.

Sai dai irin wannan shekarar ba ta cika maimaituwa ba, kuma a nan ne masu cewa a riƙe suka kafa hujja. Zubi na 14 da Intel ya fitar a watan Oktoban 2023 kusan na 13 ne aka sake wa suna. Core i9-14900K da 13900K adadin cibiyoyinsu ɗaya ne, iyakar gudu kawai aka ɗaga daga gigahaz 5.8 zuwa 6.0, ratar da mai buga takarda ko mai koyon rubuta manhaja ba zai taɓa ji a aikinsa ba. Da Core Ultra 200S ya fito a Oktoban 2024, masu gwaje-gwaje sun yaba masa wajen rage cin wuta, amma sun tarar a wasannin kwamfuta da dama bai wuce wanda ya gada ba. Ryzen 9000 na AMD ma, wanda ya fito a Agustan 2024, bai kai yadda aka zuzuta shi ba a ayyukan yau da kullum.

Akwai kuma kuɗin da tallan ba ya ambata. Furosesa ba ya zama shi kaɗai. Yana da mazauni a kan madabod, babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kai, kuma kamfanoni na sauya fasalin mazaunin. Zubi na 12 da 13 da 14 na Intel duk a kan mazaunin LGA1700 suke zama, amma Core Ultra 200S sai LGA1851, kuma ba ya karɓar RAM sai DDR5. Haka AMD, da ya koma mazaunin AM5 a 2022, ya bar DDR4 a baya. Mutum zai shiga kasuwa da niyyar sayen abu ɗaya, ya fito ya sayi uku. Wanda ya je sauya ƙofa aka ce sai ya rushe bango, ai gini ya koma yi. Ga masu laftof kuwa, kuma su ne mafi yawa a yankin nan, maganar ma ba ta taso ba: kusan duk laftof da aka ƙera cikin shekaru goman da suka wuce furosesanta a like yake da madabod, ba a cire shi. Abin da ake kira sauya furosesa a wajensu sayen wata kwamfutar ne ɗungurungum, tare da faɗuwar da za a yi wajen sayar da ta farko.

Sabon abu ma ba lallai ne ya zo da lafiya ba. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesoshin tebur na zubi na 13 da 14 na samun matsalar wutar da ta wuce kima har su lalace, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Mai saye a Amurka ko Ingila zai mayar a sauya masa. Mai saye a Gwiwa, wanda kayansa suka bi hannu uku ko huɗu kafin su iso shi, wa zai mayar wa?

Da muka auna ɓangarorin biyu da yanayin da jama'armu ke ciki, mun ga abin da ke rage wa kwamfuta gudu a nan galibi ba furosesa ba ne. Zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma na toshe fanka. Furosesa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Injin da aka buɗe aka kakkaɓe, aka sabunta masa man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya shi, sau da yawa yakan dawo da ƙarfinsa da kuɗi ƙalilan. Kwamfutar da har yanzu ke amfani da tsohon faifai mai juyawa, in aka sauya mata shi da faifan SSD, mai ita zai ga bambancin tun daga kunnawa. Mai RAM gigabait 4 da ya ɗaga zuwa 8 ko 16 zai fi jin sauƙi a kan wanda ya hau zubi ɗaya. Sama da duk waɗannan akwai wuta. Shagon da ke jiran wutar KEDCO, kuɗin da zai zuba a sabon furosesa in ya sa su a faifan sola da batir da inbata, awannin aikinsa ne za su ƙaru, kuma awannin aiki su ne ciniki.

Matsayinmu ke nan: wanda ya sayi furosesa na zamani cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ya riƙe shi. Hawa zubi ɗaya ba ya biyan kuɗinsa ga ɗalibi, ko malami, ko ma'aikacin ofis, ko mai shagon rajista. Mun keɓe mutum biyu. Na farko, mai sana'ar da injinsa ke aiki a ƙure tun safe har dare, wanda zai iya zama da biro ya lissafa a wata nawa ƙarin saurin zai mayar masa da kuɗinsa. In lissafin bai fita a takarda ba, ba zai fita a aljihu ba. Na biyu, mai kwamfutar tebur da madabod ɗinsa zai karɓi sabon furosesa ba tare da an sauya komai ba. Mazaunin AM4 na AMD misali ne mai kyau, domin madabod da yawa da aka saya da Ryzen na farko a 2017 suna karɓar Ryzen 5000 bayan an sabunta manhajar BIOS. Wannan tsallake zubi da yawa ne a lokaci guda, kuma shi ne irin sauyin da ke da riba.

Amma akwai wani lamari da ya fi damunmu. A kasuwanninmu, abin da mutum ya saya kwanan nan ba lallai ne sabo ba. Mafi yawan laftof da ke shigowa gwanjo ne daga ofisoshin Turai da Amurka, kuma da yawansu zubi na shida ne ko na bakwai. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance sai zubi na takwas na Intel zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Ofisoshin can sun san da wannan wa'adi, shi ya sa suka sauke tsofaffin injinansu, kaso mai yawa kuma ƙasashe irin namu ya nufo. Uban da ya sayar da akuya ko buhunan gero ya saya wa ɗansa laftof mai tambarin Core i7, yana iya yiwuwa abin da aka ba shi ya girmi Core i5 ɗin da ke gefensa da shekaru, kuma bai kai shi ƙarfi ba. Irin wannan mai saye shi ne ke da dalilin tunanin sauyawa, ko kuma ya koma Linux, wadda kyauta ce kuma tana tafiya lafiya a kan tsofaffin injina.

Maganin yana wurin saye. Lambar da ke bayan sunan ita ke faɗin zubi: i5-7200U na bakwai ne, i5-8250U na takwas, i5-1135G7 na goma sha ɗaya. Muna kira ga 'yan kasuwar Kano da na Kazaure su riƙa rubuta cikakkiyar lambar furosesa a kan rasit, kada su tsaya a i5 ko i7 kawai. Makarantu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi da cibiyoyin jarrabawa, waɗanda ke sayen kwamfuta da yawa a lokaci guda, wasunsu da kuɗin jama'a, su sa sharaɗin zubi a takardar kwangila, kada su karɓi abin da ya gaza na takwas, kuma su ware kason gyara da na wuta tun a kasafin farko.