"Bari Mu Lallaɓa Mu Kai Gida": Maganar da Ke Cinye Mana Injin Mota a Abuja

Yau maganar mota nake so mu yi, kuma a kan wata kalma guda da muka taho da ita daga gida, wato "lallaɓa". Fitila za ta kama a gaban direba, ja wur, ya kalle ta, ta kalle shi, sai ka ji ya ce, "Bari mu lallaɓa mu kai gida, gobe in Allah Ya kai mu na kai wa bakanike." Ni a ganina babu maganar da ta jawo wa mutanenmu asarar inji a garin nan kamar wannan.

A Kano lallaɓawa tana da 'yar hujjarta. Idan mota ta soma ciwo a cikin gari, da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga gareji a gindin wata bishiya ba, ga Ƙofar Ruwa nan kusa idan kayan gyara ake nema, kuma dama ba gudu kake yi ba. Abuja kuwa ba haka aka gina ta ba. Tun kafin a dawo da fadar gwamnati nan a ranar 12 ga Disamba, 1991, tsarin birnin bai bar wa kanikawa wuri a bakin titin Maitama ko Asokoro ko tsakiyar birni ba. Shi ya sa in ana neman gyara sai a nufi Apo ko unguwannin bayan gari. Mu kuma akasarinmu muna kwana ne kilomita 20 zuwa 30 daga inda muke neman abinci. Tsakanin gida da wurin aiki, ko dai kana kan babban titin Kubwa ko na filin jirgi kana tafiyar kilomita 100 a awa, ko kuma kana tsaye cik a cunkoson Nyanya, rana na dukan mota, iska ba ta shiga lagireto. Duka biyun babu wanda injin da ba shi da lafiya zai iya jurewa. "Gidan" da ake cewa a lallaɓa a kai, ya yi nisa.

To, mai karatu, mu fara da launi, don masu ƙera mota ba su wahalar da mu ba. Kore ko shuɗi sanarwa ce kawai, kamar sigina ko babbar fitila. Ruwan ɗorawa yana nufin akwai matsala, a je a duba ba da jimawa ba. Ja kuwa yana nufin a tsaya.

Wadda ta fi kowacce haɗari ita ce jar fitilar nan mai kama da buta tana ɗigar da ɗigo guda. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa take yi baƙin mai ya ragu, a ƙara idan an samu dama. Ba haka ba ne. Cewa take yi ƙarfin da ke tura baƙin mai zuwa sassan inji ya faɗi. A cikin inji akwai ƙarafa da ke juyawa sau dubu biyu zuwa uku a kowane minti, kuma abin da ya raba su da gogar juna ɗan siririn mai ne da bai kai kaurin takarda ba. Idan famfon mai ya daina turawa, ko man ya tsiyaye, ko datti ya toshe rariyar da ke cikin kaskon mai, ƙarfe zai hau kan ƙarfe. Ba maganar kilomita goma ake yi ba a nan, maganar 'yan mintuna ce, wani lokaci ma ba ta kaiwa. Daga nan sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, kanikawa su ce inji ya buga. Abin yi shi ne ka gangara gefe ka kashe mota nan take, ka ba ta 'yan mintuna, ka zaro gejin mai ka goge, ka mayar ka sake zarowa. Idan mai ya yi ƙasa, ka ƙara, ka leƙa ƙarƙashi ko yana zuba, ka tayar ka gani. Idan kuwa mai na nan cike amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada ka sake tuƙa ta. Mai yiwuwa ɗan na'urar da ke auna ƙarfin man ne ya lalace, abin kuɗi kaɗan, amma a bakin titi ba ka da hanyar sanin hakan. Kuɗin janwe daga Gwarinpa zuwa Apo, kome tsadarsa, bai kama ƙafar kuɗin inji ba.

Ta biyu ita ce ta zafi, ko dai allurar da ke hawa zuwa ja, ko fitila mai kama da sandar awon zafi a cikin ruwa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin Abuja kan doshi maki 40, ka bi hanyar AYA zuwa Mararaba da yamma ka ƙirga motocin da aka ɗaga wa bonet suna turiri. Kan injin motocin zamani da alminiyom ake yin sa, idan ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Idan allura ta fara hawa, ka kashe na'urar sanyi, ka kunna hita har ƙarshe duk da azabar da za ka sha, don tana janye zafi daga inji, ka nemi wurin tsayawa. Sannan don Allah kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ruwan da ke ciki a matse yake, ya wuce maki 100 bai tafasa ba saboda murfin ya danne shi, kana buɗewa zai taso maka a fuska. Ka jira aƙalla rabin awa. Haka nan kwarara wa inji mai zafi ledojin fiya wata, kamar yadda ake yi a bakin titi, hanya ce ta tsaga shi.

A nan ne nake da ƙorafi a kan 'yan uwanmu kanikawa, duk da na san da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Mota na zuwa daga Kwatano ko Legas, abin da wasu ke fara yi shi ne su cire mata tamostat, su haɗa fanka kai tsaye, su ce wai abin ƙasar sanyi ne. Tamostat ɗan bawul ne da ke tsare ruwa har sai inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen maki 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi namu, da shi suke zuwa. Idan aka cire, inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu sanyin safiya ake ciki, ta yi ta ƙara fetur. Kai kuma kana ta mamakin yadda motarka ke shan mai. Mafi muni, ainihin ciwon da ya kawo zafin, ko lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfi ya saki, yana nan ba a taɓa shi ba. Haka batun zuba ruwan rijiya zalla a lagireto maimakon ruwan nan mai launi da aka yi don haka. Tsatsa ce kawai ake tarawa.

Fitilar batir ba ta cewa batir ya mutu, cewa take yi an daina yi masa caji. Za ka iya ɗan tafiya kafin ya ƙare, in ka kashe duk abin da ke jan wuta. Amma idan ta kama tare da sitiyari ya yi nauyi, to fanbel ne ya tsinke, kuma a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa, don haka ka tsaya. Ta birki kuwa, idan ka tabbatar birkin hannu a sauke yake amma tana nan, man birki ya yi ƙasa. Duk wanda ya san gangaren Kugbo, ya kuma tuna da gobarar da ta tashi kusa da gadar Karu cikin azumi, a watan Maris na 2025, lokacin da babbar mota ta ƙwace ta afka wa motocin da ke gabanta, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan birki.

Saura fitilar ruwan ɗorawa mai hoton inji, wadda ta zama kamar ado a motocinmu. Na sha shiga tasi na ga an liƙa mata baƙin salatif, wani ma hoton ɗansa ya jingina a wurin. Idan tana tsaye ba ta motsi, za ka iya tafiya, amma ka je a duba cikin kwanakin. Idan tana ƙyaftawa, wani silinda ne ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana ƙona abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. Ka rage gudu ka nemi gareji a ranar. Tun daga 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Da yake motocinmu daga can suke zuwa, kusan kowacce tana da ita. Ana soka ɗan na'ura a wurin, mota ta faɗi ciwonta da lamba: P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0420 na nuni ga indomi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, goge lambar ba gyara ba ne. Idan aka sa wa motarka kwamfuta, ka ce a nuna maka lambar ka rubuta ta kafin a goge, ka tambayi abin da aka canza.

Ga kuma wata 'yar dabara ga mai shirin sayen mota, ko ta Beljiyam ko ta hannu. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilun nan duka su kama, ta mai, ta batir, ta inji, ta jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, to akwai yiwuwar wani ya cire ƙwanta ko ya rufe ta don kada ta tona asiri.

Na san abin da wani zai ce: Malam, kana magana kamar kuɗi a ƙasa ake tsintar su. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara da baƙin mai suka yi tashin gwauron zabi, mai iyali kuma yana da abin da ya fi juyen mai gaggawa. Amma ai wannan hujjar tawa ce. Lokacin da inji ke da araha ne mutum zai iya caca da shi. Wani kuma zai ce tsayawa a kan titin Kubwa ko na Lugbe da daddare shi ma haɗari ne, ga masu gudu, ga ɓata-gari. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma idan rai ne a gefe guda inji a gefe guda, a bar injin ya tafi. Sai dai yawancin lallaɓawar da muke yi da rana tsaka ce, muna wuce gidajen mai ɗaya bayan ɗaya.

Idan tsayawar ta kama, ka kunna fitilun gargaɗi huɗu tun kana tafiya, ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya in da hali, kada ka tsaya a kan kwana ko bayan tudu. Iyali su fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, su tsaya nesa, ba a bayan mota ba. Alamar nan mai kusurwa uku ka kai ta taku hamsin ko fiye a baya, ba ka jingina ta da bamba ba. Ganyen da muke karyowa mu zuba ba ya haske da dare. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Ka kuma ajiye lambar mai janwe guda da ka yi ciniki da shi tun kana cikin kwanciyar hankali, don wanda zai same ka a bakin titi farashin mai neman agaji zai yanka maka.

Taya ba ta da fitila a tsofaffin motocinmu, amma tana da rubutu. A gefenta akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Yawancin tayoyin Beljiyam sun tsufa tun kafin su iso, ko da zanensu na da kyau. Iskar da ta dace kuma tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 35 ga ƙananan motoci, ba 50 ɗin da mai faci ke dannawa ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya, wadda ba a tunawa da ita sai ranar da aka zaro ta a lotse.

Mu da ke tafiya gida hutun Sallah, fiye da kilomita 400 ke gabanmu kafin Kano, balle mai zuwa Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, da mota cike da yara da kaya. Al'adarmu ita ce a kai wa bakanike ranar jajibirin tafiya, lokacin da motoci goma ke jiransa, ya yi aikin cikin sauri, a ɗauko ta da magariba, a kama hanya da asuba. Noti ɗaya da ba a ɗaure ba, sai a Tafa ko Jere zai bayyana, ko kuma a dajin Katari da Rijana, wuraren da tsakanin 2016 da 2022 babu mai fatan tsayawa ko na minti guda. A kai mota gyara mako guda kafin tafiya, a yi kwana uku ko huɗu ana zuwa aiki da ita, ana duba gejin mai da ruwa kowace safiya, ana leƙa ƙasan inda ta kwana ko akwai ɗigo.