Lafiya uwar jiki: Tarin da ya ƙi ƙarewa

 A wannan wata zancenmu a kan ciwon dajin huhu ne, wanda wasu ke kira sankarar huhu.

Huhu biyu ne cikin ƙirjin mutum, da su muke numfashi. Ciwon daji wani mugun tsiro ne da ke fitowa cikin naman huhu. Yana farawa ɗan ƙarami, ba zafi, ba alama. Halinsa ɗaya da ƙuduji a gonar hatsi: tun yana ƙarƙashin ƙasa yake shan saiwa, kafin manomi ya ga furensa ya riga ya yi ɓarna. In an bar shi sai ya bazu zuwa ƙashi, da hanta, da ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 1 da dubu 800. Babu ciwon dajin da ya kai shi kisa. Cikin mutum 100 da suka kamu, wajen 85 taba ce sanadi. Sigari da shisha duk hayaƙin taba ne. Wanda ke zaune kusa da mai shan taba, shi ma yana shaƙa. Hayaƙin icce cikin rufaffen ɗaki yana cutar huhun mata da yara. Ƙurar dutse ma haka, irin wadda samarinmu suka sha a ramukan zinariya na Jado tun daga 2014.

Ga alamomin da ya kamata kowa ya riƙe:

1. Tarin da ya wuce sati 2 bai tsaya ba.
2. Jini cikin majina, ko da ɗan kaɗan ne.
3. Ciwon ƙirji da ba ya wucewa.
4. Haki a kan aikin da mutum ya saba yi ba wahala, kamar jan guga.
5. Shaƙewar murya mai daɗewa.
6. Rama da rashin son abinci, da gajiya ba dalili.

Kada kowa ya firgita. Yawancin masu dogon tari ba ciwon daji ke gare su ba. A ƙasarmu tarin fuka ya fi yawa, kuma alamominsu sun yi kama ƙwarai. Amma akwai bambanci. Tarin fuka ana ɗaukarsa daga wani, kuma yana warkewa da maganin wata 6 da gwamnati ke bayarwa kyauta. Ciwon daji ba a ɗaukarsa. Kada a ƙi cin tuwo da mai shi, kada a ware masa ƙwarya. Maganin tarin fuka kuwa ba ya yi masa komai. Ido ba ya iya raba su, boka ma ba ya iyawa. Awo ne kaɗai ke rabawa.

To, ina hanya? A fara da gidan likita mafi kusa, na Garazu ko wani. Za a sa a auna majina. In tarin fuka ne, a sha magani kullum har ƙarshe. In awo bai nuna tarin fuka ba, amma tari yana nan, a koma. In an sha magani wata 2 ba sauƙi, kada mutum ya bar shi da kansa, ya koma ya faɗa wa malamin likita. A nan ne mutane da yawa ke yin sake: sai su ce maganin likita ya kasa, su koma ga sassaƙe da turare, wata da watanni. Malamin likita shi zai ba da takarda zuwa asibitin Gure, daga can zuwa babban asibitin Damagaram, inda ake ɗaukar hoton ƙirji. In likitoci suna zargin ciwon daji, sai an ɗebi ɗan naman wurin an duba kafin a tabbatar.

In an tarar da tsiron yana ƙarami, wuri ɗaya, ana iya yin aiki a yanke wannan ɓangare, mutum ya rayu da sauran huhunsa. Akwai kuma magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya, da na'ura mai ƙona tsiron da haske. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, kuma a 2021 aka buɗe sashen wannan na'ura. In ciwo ya riga ya bazu, warkewa tana da wuya, amma ana rage zafi da haki.

Mun san Yamai da nisa, kusan kilomita 900 daga Damagaram, kuma tafiya kuɗi ce. Mun san halinmu: manomi ya ce sai bayan girbi, makiyayi ya ce sai dabbobi sun dawo daga arewa. Ciwo ba ya jiran kaka. Akuya ɗaya da aka sayar da wuri don awo ta fi shanu biyar da aka sayar a makare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku masu shan taba, ku bari yau. Wanda ya bari shekara 10, haɗarinsa yana raguwa da wajen rabi. Tun 2006 dokar ƙasa ta hana shan taba a wuraren taron jama'a. Mata, ku yi girki inda iska ke ratsawa, ku nisanta goyo da hayaƙi.

Ku kuma ɗaliban yaƙi da jahilci, ga aikinku. In wani ya fara tari a gidanku, ku rubuta ranar cikin littafinku. In kwana 14 suka cika, ku raka shi likita da littafin a hannu. Ku adana duk takardar da aka ba shi. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi, a dandali da bakin rijiya.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.