Ra'ayinmu: Barka da Nasiha ga Sabon Ma'aikaci

Labari ya iso mana cewa waɗansu daga cikin yayyenmu da suka bar wannan jami'a shekarun baya sun sami takardar ɗaukar aiki a ma'aikatun Gwamnati, bayan sun daɗe suna zaman jira. Muna taya su murna, muna kuma taya iyayensu, waɗanda da yawansu sai da suka sayar da hatsi da dabbobi kafin ɗa ya kai ga digiri. Amma da yake mu ma wannan hanya za mu bi in Allah ya kai mu, mun ga ya kamata mu haɗa barka da 'yar nasiha tun tawadar takardar ba ta bushe ba.

An yi zamanin da aiki ke jiran mai digiri a Nijeriya. Sa'ad da Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa aikin bautar ƙasa a 1973, har zanga-zanga ɗalibai suka yi, cikin dalilansu kuwa akwai ganin an jinkirta musu kama aiki da shekara guda. A 1974 Hukumar Udoji ta ba da shawarar ƙarin albashi, aka biya ma'aikata har da ariyas. Daga baya farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, aka shiga tsuke bakin aljihu, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya zo da rage ma'aikata da taƙaita ɗaukar sababbi, alhali jami'o'i sai ƙaruwa suke yi. Ran 15 ga Maris 2014 dubun dubatan samari da 'yan mata suka cika filayen wasa na ƙasar nan don jarrabawar shiga aikin shige da fice, aka yi turmutsitsi, fiye da mutum goma suka rasa rayukansu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuwa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33 cikin ɗari na masu iya aiki ba su da shi.

To, wanda ya ratso wannan hali ya kai ga kujera, lalle ya sha wuya. Ya san zaman benci a bakin ofis tun safe har azahar. Ya san "Maigida ba ya nan, dawo gobe." Ya ga wanda ya fi shi rauni a aji ya riga shi samu domin yana da uwa a gindin murhu. Ya kuma ji labarin sayar da guraben aiki, zargin da har wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna bincike a kansa a 2023. Ga bashin mai kanti, ga maganar aure da aka yi ta ɗagawa, ga ƙanne sun zuba ido. Ba abin mamaki ba ne in irin wannan mutum ya shiga ofis da jin cewa ƙasa ta ci masa bashin shekaru, lokacin biya kuma ya yi.

A nan haɗarin yake, a nan kuma muke so 'yan'uwanmu su tsaya su yi tunani. In ma'aikaci ya ƙudura fanshe wahalarsa, wa zai biya? Waɗanda suka hana shi aiki jiya ba za su zo gaban teburinsa ba, domin su daga gida suke aiko da saƙo a biya musu bukata. Mai zuwa shi ne tsohon malamin firamare da ke bin haƙƙinsa na sallama, da matar da mijinta ya rasu a bakin aiki ta rungumo takardu ba ta iya karanta su, da manomin da ya biya kuɗin mota daga ƙauye don sa hannu guda ɗaya, da ƙanensa ɗalibi mai neman aiki kamar yadda shi ya nema. An ce rama cuta ga macuci ibada ne, to waɗannan ba su cuci kowa ba. Duk wanda ya ce musu "dawo gobe" don a ba shi na goro, ya ɗauki ainihin bulalar da aka dake shi da ita ya juya kan wanda ya fi shi rauni.

Ba mu musun cewa albashi ya yi kaɗan. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, bayan cire tallafin man fetur a 2023 ya riga ya ninka kuɗin mota da na abinci. Mai digiri a kan Mataki na 8 yakan fara, sai ya yi shekara biyu ta gwaji kafin a tabbatar da shi, a ma'aikatun Tarayya kuma ana cire kashi 8 cikin ɗari don asusun fansho. Sau da yawa ma akan yi watanni kafin sunan sabon ma'aikaci ya shiga jerin masu albashi. Wannan kuka ne na gaskiya, amma wurin kai shi ƙungiyar ƙwadago ne da shugabannin ma'aikata. Muna kuma kira ga hukumomin ɗaukar ma'aikata da su riƙa shelar guraben aiki a fili, su biya sabon shiga a kan kari, gama wanda aka bari wata shida ba ko kwabo an tura shi bakin rami.

Shawararmu ga sabon ma'aikaci ba ta da yawa. Ya gaya wa danginsa gaskiyar abin da yake ɗauka tun watan farko, domin yawancin masu miƙa hannu kunyar gida ce ta fara tura su, suna so a ce ɗan wane ya zama wani abu. Ya guji cin bashi a kan albashin da bai zo ba. Ya nemi littafin dokokin aikin Gwamnati ya karanta da kansa, kada ya dogara da "haka muka tarar ana yi." Ya girmama tsohon akawu da masinja, gama sun san inda kowane fayil yake kwana, abin da ba a koyar da shi a lacca ba. Fayil kuwa in ya zo teburinsa, ya sallame shi ran nan in da hali, in babu ya faɗa wa mai shi dalili da ranar dawowa ta gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, halin da mutum ya ɗauka a shekarar gwaji da wuya ya rabu da shi.

A tuna kuma kujera ba ta dawwama. A 1975 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, cikinsu har da manya waɗanda ba su taɓa zaton haka ba. Ko ba a kori mutum ba, a yawancin ma'aikatu in ya cika shekara 35 yana aiki ko 60 da haihuwa sai ya sauka. Ran nan shi ma zai rungumi nasa fayil ya koma benci, ya jira wani yaro da yanzu ko haihuwarsa ba a yi ba. Irin ofishin da zai tarar a lokacin, shi da tsararrakinsa ne suke gina shi tun yau.

Mu da ke aji har yanzu, wannan magana ta shafe mu kamar yadda ta shafi yayyenmu. Allah ya sanya albarka a abin da suka samu, ya buɗa wa masu jira, ya kuma ba mu ikon riƙe amana in namu lokacin ya zo, amin.